Ƙaurin da Na'ura Ta Ji

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Oga ya aiki Uwar Biyu tsohon ɓangaren filin jirgi, inda aka tura na'urarta.

Aikinta ba wani mai wuya ba ne. Fasinja ya miƙo hannu, ta goga masa ɗan farin ƙyalle a tafin hannu da bakin jaka, ta zura ƙyallen cikin na'ura. In fitila ta yi kore, Allah ya kiyaye hanya. In ta yi ja ta fasa ƙara, to na'ura ta sansano ɓurɓushin abin fashewa, sai a ja mutum gefe a zazzage masa kaya. Kowa a wurin ya san na'urar takan yi ƙarya. Manomin da ya taɓa takin zamani, tsoho mai shan maganin zuciya, mace mai man shafawa, duk ta sha yi musu sharri. Amma a layin Uwar Biyu, layin ƙarshe da ke jikin ƙofar tsohon ɓangaren, abin ya wuce misali. Da yamma ta yi sai ihu, a kan mutanen da ko ashana ba su riƙe ba.

Oga ya ce man da take lafta wa hannunta ne. Ta daina shafa mai har hannun ya tsage, na'ura ba ta bar ihu ba. Ran nan kuwa sai ta yi ihu a kan jakar wani babban mutum, jirgi ya tashi ya bar shi, ya wanke Oga tas a gaban jama'a. Oga kuma, kamar yadda aka saba, ya nemi na ƙasa da shi ya sauke.

"Je ki wanke ta, ki sa mata sabon ƙyalle fil," in ji shi. "In ta yi shiru, daga gare ki matsalar take. Gobe ki ajiye mini kakina."

Tun da mijinta ya kwanta ciwo, da wannan kakin take ciyar da shi da tagwayenta. Ta juya ta wuce.

Ta tura ƙofar, ta rufu a bayanta. Hayaniyar fasinjoji ta ɗauke ɗif.

Dogon lungu ne da aka daina bi. Kujeru a kife, ƙura a kansu. Warin tsohuwar darduma da ta sha ruwa. Fitila ɗaya ce ke aiki, ita ma tana ƙifta ido tana zizar ƙudan zuma. Ta tagogin gilashi, jan hasken magariba ya kwanta a ƙasa.

Ta sa safar hannu, ta jona na'urar, ta goge ta ciki da waje. Ta ɓare sabon ƙyalle ta zura. A ranta tana roƙon abin da ba ta taɓa roƙa ba: Allah ya sa ta yi ihu.

Kore.

Ta sake wani. Kore.

Ta dafa tebur, kanta a sunkuye, tana tunanin abin da za ta faɗa a gida. Ba ta ji takun kowa ba. Ta dai ga hannuwa biyu sun shigo ƙarƙashin idonta, a buɗe, tafi a sama.

Masu wannan aiki ba sa kallon fuska. Hannu suke kallo, wuni guda, har jiki ya saba. Kafin ta yi tunanin cewa babu fasinjan da ke biyo nan, hannunta ya riga ya ɗauki ƙyalle ya goga.

Sai a lokacin ta lura.

Tafin hannun sumul yake, babu zane ko ɗaya. Yatsun sun yi tsawo da yawa. Zafi na ratso safar kamar ta dafa murfin tukunya.

Gefen ƙyallen ya fara yin baƙi. Ƙaurin tsumma ya tashi.

Ba ta ma zura shi ba. Na'urar ta fasa ihu da kanta, jan haske ya cika lungun.

"Kashe ta," aka ce a hankali. Muryar mace ce, tsohuwa, a daf da kunnenta.

Ta kasa motsi.

"Kullum sai kin sa ta yi mana ihu, 'yar nan. Yaranmu har sun tsorata da wucewa."

Bayan hannuwan akwai wasu hannuwan. Layi ne guda, ya miƙe har cikin duhun ƙarshen lungun, kowa ya miƙo nasa. Wasu ƙanana ne, ba su kai tsayin tebur ba.

"Iya," in ji Uwar Biyu, "aiki aka sa ni."

"Hanyarmu ce tun kafin ku zuba siminti. Ta gefenki muke bi in rana ta faɗi. Mu daga wuta aka yi mu, to me kike so ta sansano?"

Na'urar ta ci gaba da ihu.

"Kin taɓa ni. Bari ni ma in taɓa ki."

Yatsun suka naɗe hannunta na dama.

Robar safar ta fara narkewa. Ta ji warinta kafin ta ji zafin. Ta buɗe baki, addu'ar ta maƙale, ta fito a gutsure. Ta fizga da dukan ƙarfinta, hannun ya zame daga cikin safar.

Ta ruga.

Ƙananan ƙafafu na bin ta, taf taf taf.

Ta banki ƙofar ta faɗo cikin haske da hayaniya, a gaban Oga da Dogo, abokin aikinta na layin kusa.

"Ba ƙarya take yi ba," ta ce tana haki. "Wallahi Oga, ba ƙarya take yi ba, akwai masu wucewa!"

Oga ya dube ta sama da ƙasa. Ya karɓi ƙyalle a hannun Dogo, ya goga mata a tafi, ya zura a na'urar Dogo. Ja. Aka kai ta famfo ta wanke da sabulu har fata ta yi zafi. Ja. Fasinjoji suka fara ja da baya, wata mata ta janye ɗanta.

Ta kwana a ɗakin tambayoyi. Washegari aka birkice gidanta, aka ɗaga har katifar da mijinta ke kwance a kai, tagwaye na raɓe a bango suna kallo. Ba a sami komai ba. Ba a kuma ba ta haƙuri ba, aka dai ce kada ta sake zuwa aiki.

Da ta samu ƙarfin fita daga gida, sai ta kai musu kakinsu filin jirgi a leda, da yamma. An mayar da na'urar layin ƙarshe, Dogo ne a kai. Tana tsaye ya goga jakar wata mai jego, wadda babu komai a ciki sai kayan jariri. Na'urar ta fasa ihu. Igiyar da ta raba layin tana lilo ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta.

Oga ya zo da sauri, ya miƙa hannu ya rage ƙarar, ya yi wa mai jegon murmushi.

"Wuce abinki, baiwar Allah. Haka take yi, na'ura ce."

Ya ɗago ya ga Uwar Biyu da ledarta. Ya kau da kai.