Shuɗin Tawada Ya Ƙare

Da aka ce wa Sufeto ƙarar satar tawada ce, sai da ya rufe ido ya ja dogon numfashi. Shekara da shekaru yana bin 'yan fashi, yau ga shi zai bi sawun tawadar firinta, ga ciwon baya. Haka dai ya ja ƙafa ya tafi kamfanin da abin ya faru.

Mai kamfanin, wata dattijuwa, ta tarbe shi a bakin ofis, Manaja na biye da ita.

"Ranka ya daɗe, abin ya ishe ni," in ji ta. "Firinta biyu gare mu, ɗaya a ofishin Manaja, ɗaya a teburin Sakatariya. Kwalin katirij ɗin tawadar kowace ya ce zai buga shafi wajen ɗari uku. Nasa yana kai wata, nata ko sati ba ya rufawa."

"Zuƙewa take yi da sirinji ta sayar," Manaja ya yi caraf. "Ni na kwatanta su da kaina. Yau za ta bar aikin nan."

Sakatariya na zaune, jakarta a cinya, ta riga ta kwashe 'yan komatsanta. Idonta ya yi ja. Sufeto ya ji tausayinta, amma tausayi ba hujja ba ne.

"Malama, me kike bugawa?"

"Wasiƙu, Yallaɓai. Baƙi da fari kawai. Wallahi marayu nake ciyarwa da aikin nan."

Ya buɗe firintarta. Baƙar tawada na nan da saura, ja da rawaya sun ɗan taɓu, shuɗi kuwa ƙaf, fitila sai ƙiftawa take.

"Ɓarawon nan ɗan gayu ne," ya ce. "Shuɗi kaɗai yake sha."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai sa rai ba.

Ya juya wajen Manaja. "Kai me kake bugawa a taka?"

"Aikin ofis, mai yawa kuwa."

Sufeto ya leƙa ofishinsa, ya shafa takardar da ke saman tiren firintar. Ƙura ta biyo yatsansa. To, injin da ba ya aiki ai dole tawadarsa ta yi albarka.

"Wa ke da makullin ofishin nan?"

"Ni da Manaja," in ji mai kamfani.

"Tun da shuɗin ya ƙare, an kashe firintar?"

"A'a," Sakatariya ta amsa. "Haka na tarar da ita da safe, na ji tsoron taɓawa."

"Madalla. A kawo sabon katirij."

Manaja ya matso da sauri. "Ai sai an kashe ta tukuna, kada ta lalace."

"Tsaya inda kake."

Sufeto ya sa katirij ya rufe murfi. Firintar ta yi gurnani, ta ja takarda, ta ci gaba da aikin da ƙarewar tawada ta katse mata. A hankali hula ta fito, sai goshi, sai murmushin Manaja a kan shuɗin bango shar. A ƙasa an rubuta a zaɓe shi shugaban ƙungiyar manajoji. Ta sake jan wata takardar.

Kowa ya juya ya dubi Manaja.

"Fosta ce ta takara," Manaja ya ce. "Bayan an tashi nake bugawa. Na ga idan a tawa na buga za a gane."

"Shi ne ka ɗora wa marainiyar Allah?" Mai kamfani ta dafe kai. "Kai da na riƙa kamar ɗan cikina!"

Sufeto ya tattara fostocin, ya kama hannun Manaja. "Mu je caji ofis, ɗan takara."

A bakin ƙofa ya waiwaya. Sakatariya ta gyara zama a teburinta. Ta buɗe jaka tana mayar da kofin shayinta kan tebur, firintar kuwa tana ta fito da fuskar mutumin da ya so ya raba ta da abincinta.

"Malama," Sufeto ya ce a gajiye, "yanzu kina iya kashe ta."