Sanduna Huɗu a Hanyar Kukar Ladi

Kofin shayi ne ajiye a bayan motar, cike taf har baki, ita kuma motar tana ta rawa a kan dandamalin gwaji kamar za ta tarwatse. Tayar hagu ta faɗa ƙasa, ta dama ta yi sama, sandunan ƙarfe huɗu da ke ƙarƙashin bodin suna ta kai da kawo a gaɓoɓinsu. Shayin ko ɗigo bai zuba ba. Injiniya Lantana ta kashe dandamalin ta ɗauki kofin. Ya riga ya huce, amma don murna ta shanye shi tas.

Wata bakwai ta yi a kan wannan aiki, a garejinta da ke birnin Tudun Maƙera. A shekarar 2094 birnin ba abin da ya rasa: jiragen ƙasa marasa direba, tituna masu ɗinke kansu in sun tsage. Sai dai da an fita bayan gari labari ya sha bamban. Ruwan sama na shekaru hamsin ya cinye hanyoyin ƙauyuka, ya bar kwazazzabai. Ƙananan jirage marasa matuƙi suna kai magani da gishiri, amma ba sa ɗaukar abin da ya fi buhun gero nauyi. Mutum in zai je gida, sai mota.

Tsofaffin motocin hanyar, tayoyinsu na baya a kan sifirin mai falle-falle suke, irin wanda in taya ta daki dutse sai fasinja ya ji a haƙoransa. Lantana ta cire wannan gaba ɗaya. Ta sa dogayen sanduna biyu a ƙasa, su riƙe ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya kada ya yi gaba ko baya. Ta sa gajeru biyu a sama, kawunansu a haɗe kamar bakin almakashi, su hana shi zamewa gefe. Sau goma sha ɗaya tana yanke su tana sake walda kafin ta sami tsawon da ya dace. Sannan ta haɗa su da shokazoba, abin tare girgiza, mai wani irin mai da yake kauri ko ya tsinke cikin ƙiftawar ido, yadda wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ta umarce shi. Ƙwaƙwalwar ta koyi hanya ne daga na'urorin ji da Lantana ta liƙa wa tsohuwar motar yayanta Sallau har tafiya arba'in. Umarni ɗaya ta ba ta: duk girgizar da ta zo, ki haɗiye ta. Ta sa wa tsarin suna Goyo.

Ba don a yabe ta ta yi ba. Don mahaifiyarsu ta yi. Inna na fama da ciwon da ya cinye mata ƙashi, likitoci sun ce sai dai a yi ta addu'a. Ita kuwa abu ɗaya take roƙo, a mayar da ita ɗakinta a Kukar Ladi kafin damina ta rufe hanya. Bara an gwada da tsohuwar motar. Ba a yi nisa ba Inna, matar da ta haifi bakwai ba a taɓa jin muryarta ba, ta saki ƙara. Dole aka juyo. Wannan ƙarar ce ta hana Lantana sukuni wata bakwai.

Sallau shekararsa ashirin da shida yana tuƙi a hanyar nan. Direbobin kwazazzabo suna da wata ɗabi'a da 'yan birni suke yi wa dariya: da sun sayi mota sai su farke kujerar direba, su zubar da soson, su ɗora katako su zauna. Ba rowa ba ce. Ƙasar da ruwa ya ci ta ciki, a ido ba ta da bambanci da mai lafiya. Tayoyin gaba sukan wuce ta lafiya lau, sai na baya masu ɗauke da nauyi sun hau take yin wata 'yar rawa a hankali, wadda suke kira hakin ƙasa. A ƙugu ake jin ta. Direba in ya ji, sai ya tsaya ya ja da baya.

Ranar da Sallau ya gwada sabuwar motar a bayan gari, ya dawo fuskarsa ba walwala.

"Auta, motar nan ba ta magana," in ji shi.

"Yaya, ai shirun nan na yi wata bakwai ina nema."

"Na bi ta kan duwatsun Gangare, wallahi ban ji komai a bayana ba. Kamar ina zaune a tsakar gida."

Ta nuna masa wani idon lantarki da ta dasa a goshin motar. "Wannan yana hango rami tun daga nesa. In allo ya yi kore, ka wuce kawai."

Ya buɗe baki zai sake magana, sai ya hangi Inna ta taga, a kwance, ƙullin kayanta ɗaure kusa da kanta tun shekaranjiya. Ya dubi ƙanwarsa, idanunta duk sun faɗa saboda aiki. Sallau mutum ne da zai iya yi wa direbobin tasha kaf tsawa, amma bai taɓa iya ɓata wa Lantana rai ba. Ya haɗiye maganar. Abin da ya yi kawai, ya ɗauko katakonsa daga tsohuwar motar ya ɗora a kan sabuwar kujera. Lantana ta yi dariya, shi ma ya taya ta.

Suka tashi ranar Laraba da hantsi, kwana biyu bayan ruwan farko. Inna tana kwance a kan gadon da aka kafa mata a baya, Lantana na zaune a gefenta. Motar ta shiga kwazazzabo ta fita, ta hau dutse ta sauka, tayoyin baya suna ta wahala a ƙasa, amma ko ɗankwalin Inna bai motsa ba.

"Auta, mun tashi kuwa?" Inna ta tambaya.

"Mun wuce Gangare ma, Inna."

"Ikon Allah. Ki ce wa wancan ya yi a hankali dai." Ba ta taɓa kiran sunan Sallau ba, ɗan fari ne. Ba a jima ba barci ya ɗauke ta, barcin da rabonta da irinsa tun bara. Lantana ta juya fuska ta share hawaye. Ba ta taɓa jin daɗin karatunta kamar wannan lokaci ba.

Bayan azahar suka iso bakin Kwazazzabon Tsamiya, inda ake hango kukar garinsu. Sallau ya rage gudu. Ya gyara zama a kan katako, ya sake gyarawa, kamar mai neman abin da ya ɓace masa.

"Ban yarda da wurin nan ba," ya ce.

Lantana ta leƙa allo. "Kore ne, Yaya."

Ya sake duban hanyar, sannan ya taka.

Ƙasar ta burma a ƙarƙashin tayar baya ta hagu. Abin takaici, ko a lokacin Goyo bai fasa aikinsa ba. Sandunan suka miƙe iya tsawonsu suka riƙe bodin daidai, har Inna ba ta farka ba sai da Sallau ya buɗe ƙofa ya ɗauke ta. Ya kai ta gindin tsamiya ya kwantar. Ya dawo don Lantana, wadda ƙafarta ta maƙale a ƙarƙashin gadon Inna. Ya shiga ya fizge ta, ya tura ta waje. Sauran gaɓar kwazazzabon ta tafi da motar, yana ciki.

Mutanen Kukar Ladi suka zo a guje. Wasu suka sauka da igiyoyi suka ciro Sallau da rai. Maza huɗu kuma suka ciro ƙyauren wani ɗaki suka ɗora Inna a kai, suka saɓa a kafaɗa. Ba takalmi a ƙafarsu. Kowane taku sai na gaba ya latsa ƙasa da diddige kafin ya sakar mata nauyi. Lantana tana biye da su tana ɗingishi, tana kallon ƙafafun nan takwas har suka shiga gari.

Inna ta yi kwana tara a ɗakinta, ta rasu a kan gadonta, yadda ta roƙa.

Sallau kuwa ƙashin bayansa ne ya karye. Likitocin Tudun Maƙera suka dasa masa wayoyi siraran gaske, har ƙafafun suka soma motsi in ya so. Amma ji bai dawo ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa, ko wuta aka ɗora masa ba zai sani ba.

Bayan sadakar arba'in Lantana ta sa aka haƙo ƙwaƙwalwar motar, ta buɗe abin da ta rubuta. Daƙiƙa talatin da ɗaya kafin gaɓar ta burma, na'urorin ji na sabuwar motar sun ji hakin ƙasa sarai. Ƙwaƙwalwar ma ta san shi. Yana nan cikin tafiye-tafiyen tsohuwar motar sau goma sha huɗu, kuma kowane karo abin da ya biyo baya shi ne birki da ja da baya. Lantana ta ga waɗannan layuka tun tuni. Ta ɗauke su girgiza ce kamar sauran, ta haɗa su cikin abin da za a haɗiye. Ba ta taɓa tambayar yayanta me ya sa yake tsayawa a nan ba.

Ta je asibiti da safe, riƙe da katakon da aka tsinto cikin laka. Ta zauna a bakin gado ta faɗa masa komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Ya saurara yana kallon silin.

"Auta," ya ce can, "Inna ta ji zafi a hanyar?"

"Ba ta ji ba, Yaya. Barci ta yi."

"To aikinki ya yi kyau."

Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ya miƙo hannu ya karɓi katakon, ya shafa wurin da zamansa na shekara ashirin da shida ya lotsa, sannan ya mayar mata.

"Ki kai tasha ki ba wani," ya ce. "Wanda bayansa yake ji."