Jirgin da Ya Ƙi Buɗe Fiffike

"Riƙe wayar ki duba da kyau," in ji Yaya. "Wannan ba aikin hannunki ba ne?"

Na ajiye buroshi na karɓa. Ina zaune ne a lungun shagonsa na gyaran waya, inda ya bar min ɗan tebur nake jera gwangwanayen fentina. Hoton mutum-mutumi ne a tsaye cikin akwatin gilas, irin na katun ɗin nan da ake lanƙwasawa ya rikiɗe ya koma jirgin sama. Launinsa shuɗi mai toka-toka, kamar sama idan hadari ya haɗu.



Ni na haɗa wannan launi, kuma mutum ɗaya na taɓa yi wa shi a duniya.

A ƙasan hoton an rubuta: "Kyauta daga wanda ya san kansa."

"Wa ya saka hoton a intanet?" na tambaya.

"Madam Gilas mana! Auta, sau nawa zan gaya miki? Sau biyu ina ganin Mai Agogon naki yana shiga shagonta a satin nan. Da idona, ba labari aka ba ni ba."

Madam Gilas ita ce mai babban shagon irin waɗannan kaya a bakin titi. Sunan ya bi ta ne saboda duk abin da ta mallaka a cikin gilas yake, ba ta yarda a taɓa. Kowa kuma ya san yadda take karya murya idan Mai Agogo ya wuce.

Ni ba mai magana ba ce. Tun ina ƙarama idan baƙi suka zo, bayan ƙofa nake komawa. Shekara biyu da suka wuce kafaɗar wani mutum-mutumin da nake yi wa fenti ta karye, Yaya ya ce in tsallaka titi wajen mai gyaran agogo ko zai iya. Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya ciro wani siririn ƙarfe daga tsohon agogo, ya mayar da kafaɗar kamar ba ta taɓa karyewa ba. Ashe shi ma yana tara su, kanta guda ce da shi a saman teburinsa. Daga ranar shi ke gyara gaɓoɓi, ni ke fenti.

Ran da ya ce yana sona, gudu na yi na bar takalmina ɗaya a shagonsa.

Bakina bai iya amsawa ba, sai na amsa da hannuna. Na ɗauki wanda na fi so cikin masu komawa jirgi, asalinsa ja ne. Na kwance shi gaba ɗaya, na zuba notikansa a murfin kwalba. Kowane yanki na shafe shi shi kaɗai, ciki da waje, na goge bakin gaɓoɓin da samfefa don kada fenti ya riƙe su. Sati uku na yi. A ƙarƙashin murfin ƙirjinsa, inda ba a gani sai an kai rabin juyawa, na ɗiga rawaya sau uku. Na kai masa na ajiye, ban ce komai ba.

Ya gane.

To yau wata guda ke nan jirgin ba ya kan kantarsa. Da na tambaya, cewa ya yi rana tana dukansa ta taga, ya ajiye shi a wani wuri. Na yarda a lokacin.

Da muka koma gida cin abincin rana, Yaya bai ko zauna ba ya miƙa wa Umma wayar.

"Ni dama hankalina bai kwanta ba," in ji Umma, tana ninke kayan wanki. "Namiji da gemunsa yana wasa da kayan yara? Ke an san ki, sana'a ce. Shi fa?"

"Umma, agogo yake gyarawa..."

"Yana kuma gyara zuciyar Madam," Yaya ya ce.

"Rufe min baki kai kuma!" Ta juyo gare ni, ta sassauta murya. "Auta, ya ce manyansa za su zo ƙarshen wata. Idan maganar nan gaskiya ce, zan aika a ce su yi zamansu. Ba zan ba da ke inda za a mayar da wahalarki abin burge wata ba."



Da la'asar sai ga Mai Agogo ya leƙo shagon Yaya, da murmushinsa kamar kullum.

"Ƴar Fenti, yau ko ɗaga min hannu ba a yi ba. Laifin me na yi?"

Na ci gaba da wanke buroshi.

"Ina jirgina?"

Murmushin ya ɗauke. Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa.

"Yana nan."

"Ina so in gan shi."

"Ki ba ni kwana uku, zuciyata. Uku kawai."

"Me ya kai ka shagon Madam Gilas?"

 Mutumin da hannunsa ba ya rawa ko yana riƙe da allurar agogo, sai ga yatsunsa suna wasa da maɓallin riga.

"Wa ya gaya miki?"

"Ni ne nan," in ji Yaya daga bayan kanta, ko ɗago kai bai yi ba. "Malam, kana tare min haske."

Mai Agogo ya tafi. Ni kuwa na zauna ina ta jujjuya kwana ukun nan a raina. Kwana uku na me? Na ya je ya lallashe ta ta ara masa ya nuna min? Ko na ya samo ƙaryar da za ta zauna?

Washegari da safe Yaya ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba.

"Tashi mu je ki gani da idonki. Na gaji da wannan kumburarren idon."

Shagon Madam Gilas sanyi gare shi, ga ƙamshin turare. Akwatunan gilas jere har rufi, mutum-mutumi iri-iri a ciki, wasu ma ba a taɓa fitar da su daga kwalinsu ba. Masu saye uku suna zagayawa. A tsakiya, ƙarƙashin fitila, ga shi nan a tsaye.

Shuɗina.

"A'a, ƙanwata mai fenti!" Madam ta taso tana kaɗa mukullai. "Kin zo ganin kyautata? Ai na ce masa bai kyauta ba, abin da yarinya ta ɓata lokaci a kai. Ya ce a wajena ne zai samu daraja."

Hawaye suka cika min ido. Na matsa kusa da gilas don kada a gani. Launin dai shi ne. Har ɗan farin layin da na ja a gefen kai yana nan.

Sai idona ya sauka a kan kafaɗa.

Kan notin kafaɗar shuɗi ne.

Ni ban taɓa shafa wa noti fenti ba. Yaya za a yi in shafa, alhali suna cikin murfin kwalba lokacin da nake aiki?

"Anti," na ce, "zan iya riƙe shi?"

"Ba a taɓa min kaya."

"Minti ɗaya."

"Na ce ba a taɓawa! Maiƙon hannu yana ɓata fenti."

Yaya ya dube ni, ya dube ta.

"Madam, ita ta yi shi, in dai yadda kika faɗa ne. Wane maiƙo ne a hannunta yau wanda babu shi sati ukun da ta yi tana shafawa?"

Masu sayen suka matso. Ɗayansu, wani dattijo mai tabarau, ya ce, "Ni ma dai ina son in ga jirgin. Kullum a tsaye kike nuna mana shi."

Ba yadda ta iya. Ta buɗe akwatin tana tsaki.

Na karɓa. Juyi goma sha bakwai ne daga mutum zuwa jirgi, ko ido a rufe zan yi su. Na tura kan ya shige. Na ja hannun dama... ya ƙi motsi. Na ƙara ƙarfi kaɗan, sai ƙas! Fenti ya tsage a bakin gaɓar.

"Za ki karya min!"

Ban saurare ta ba. Na kama fiffiken da ke naɗe a bayansa na buɗe shi da ƙyar.

Cikinsa ja wur. Robar kamfani, ko ɗigon shuɗi babu.

Na ɗaga murfin ƙirji. Ja. Babu rawaya ko ɗaya.

Dattijon ya kwashe da dariya. "A tsaye aka fesa shi! Madam, wa ya yi miki wannan aikin, mai fentin ƙofa?"

"Ba nawa ba ne," na ce. Ban san muryata tana iya kai haka ba. "Wanda ya yi wannan hoto kawai ya gani. Bai san ana juya shi ba."

Na tuna ranar taron masu tara irin kayan nan, lokacin da Mai Agogo ya zo da jirgina yana nuna wa kowa, Madam ta yi ta ɗaukarsa hoto gaba da baya. A tsaye ta ɗauke shi. Ita da ba ta taɓa juya ko ɗaya ba a rayuwarta, ina za ta tuna akwai ciki?

Na ajiye mata shi a kan kantar shagon, rabi mutum rabi jirgi, muka fito.

A bakin titi Yaya ya yi gyaran murya.

"To, ita dai maƙaryaciya ce. Amma fa shiga shagonta da na ga ya yi, ban janye ba. Kuma har yanzu ba mu ga naki ba."

Abin da ke raina ke nan. Na tsallaka titi, ya biyo ni.

Mai Agogo yana sunkuye da gilashi a ido. Yana ganinmu ya tura wani abu cikin durowa da sauri, ya rufe da gwiwa.

"Buɗe," na ce.

"Ƴar Fenti, saura kwana biyu..."

"Idan ba ka buɗe yanzu ba, kada manyanka su wahalar da kansu."

Ya cire gilashin a hankali. Ya jawo durowar, ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle, ya ajiye a gabana ba tare da ya kalle ni ba.

Na warware.

Jirgina ne. Amma duk inda yatsa ke kamawa wajen juyi, shuɗin ya koɗe. Gwiwar hannu, gefen ƙafa, bakin fiffike, duk sun yi fari-fari. Fiffiken hagu kuma a cire yake, mahaɗinsa ya rabe biyu.

"Me ka yi masa?"

"Kin ce a riƙa juya shi sau ɗaya a wata, don fentin ya daɗe." Ya kalli jirgin. "Ni kuma kullum nake yi. Da safe kafin in buɗe shago, da rana idan na hango ki kin sunkuyar da kai kina aiki. Sai in kai shi rabi in buɗe ƙirjin in kalli ɗigon nan uku. Ke ba kya magana, Ƴar Fenti. Su ne kawai inda kika taɓa ce min wani abu."

Na shafa inda shuɗin ya koɗe da yatsa.

"Ranar da fiffiken ya karye a hannuna, kunya ta hana ni gaya miki. Ni mai gyaran gaɓa, na karya aikin sati uku! Na gwada ƙarfen agogo, wurin ya yi siriri. Madam kaɗai ke da irinsa, shi ne na je ko za ta sayar min da mataccen guda in ciri mahaɗin. Zuwan farko ta ce in dawo. Na biyu ta ce sai dai in kawo mata naki ta ajiye a gilas. Na fito. Yanzu da hannu nake sassaƙa wani."

Ya nuna min ɗan ƙarfen da ke maƙale a matsefata, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Na ɗauki jirgin. Kai ya shige, hannu ya naɗe, komai yana tafiya sumul kamar an shafa mai. A juyi na takwas na ɗaga murfin ƙirji.

Rawaya uku. Su kaɗai ne ba su koɗe ba.

Kuka ya ƙwace min, dariya kuma ta biyo shi.

"Tun jiya ina ta zarginka, ashe ɓarna kake ɓoyewa!"

"Ki yafe min, masoyiyata."

"Da ka faɗa, ai rabin yini ne in sake shafawa."

"Kada ki shafa," ya ce da sauri. "Fiffiken kawai zan gyara. Sauran a bar min shi haka."

Yaya ya karɓi matsefatan, ya ɗaga ɗan ƙarfen sama yana dubawa ta haske. Ya daɗe yana kallo.

"Da hannu ka yi wannan?"

"Da hannu, Yaya."

"Hmm. Akwai wata waya da notinta ya gagare ni tun jiya, ka leƙo anjima." Ya nufi ƙofa, sai ya tsaya. "Umma kuma ni zan yi mata bayani. Amma ka sani, ƙanwata ba ta da kayan canji. Ka karya, ni da kai ne."

Ƙarshen wata manyansa suka zo, Umma da kanta ta share falo.

Jirgin yana kan kantarmu yanzu, a ɗakinmu, ba gilas ba murfi. Jiya na shigo da shayi na same shi ya kai shi rabi, ya buɗe ƙirjin yana kallo.

"Ga ni a gabanka," na ce, "me kuma kake nema a ciki?"

"To ki faɗa da baki mana."

Na ajiye kofin, na rufe fuska da mayafi, na faɗa.