Faɗin Yatsu Biyu

Ranar kasuwar farko bayan girbi aka yi wa wani tsoho rashin adalci. A wani gari ne, can da, inda dattawa ke ƙera ƙananan jiragen ƙasa da gwangwani da waya. Kowa yakan yi guntun layin dogo a gida, faɗin yatsu biyu. Ranar kasuwa sai su harhaɗa a gindin tsamiya, kowa ya nuna inda aikinsa ya kai.

Tsoho ya tura jirginsa. Ya wuce layin wannan, ya wuce layin wancan, da ya hau layin shugabansu sai ya kife. Aka bushe da dariya. Shugaba ya ce, "Malam, wannan jirgi ne ko amalanke? Ɗauke shi, kada ya sake hawa layinmu!"

Tsoho ya ɗauke jirginsa. A gida ya duba ƙafafun jirgin, lafiyarsu ƙalau. Da kasuwa ta zagayo, ya zo da guntun kara mai faɗin yatsunsa biyu. Ya gwada a layin wannan, daidai. Ya gwada a layin wancan, daidai. A layin shugaba kuwa kara ya kasa cike faɗin layin. Ashe yatsun shugaba kamar rogo suke!

Aka matse layin. Jirgi ya zagaya tsamiya ya dawo, jama'a na ta tafi.

Shugaba ya raɗa wa tsoho, "Yi haƙuri."

Tsoho ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Da ƙarfi ka ce amalanke, kowa ya ji. Miƙe tsaye ka ba ni haƙuri da ƙarfi, kowa ya ji!"