Amsa Uku Daga Kiyawa

"Ni na san kai soja ne," in ji Afra'u. "Me ya sa mutanen garinku ba su sani ba?"

"Ba kowa ake gaya wa ba, Afra. Haka aka koya mana."

"To ga abin da koyarwar ta jawo. Malam ya tura Kawu Mika'ilu Kiyawa ya yi bincike a kanka. Mai shagon layinku ya ce direba ne kai. Limaminku ya ce ofishin gona kake. Wani tsoho kaɗai ya ce soja. Kuma kowa ya ce daga bakinka ya ji."

Ita da Falalu suna tsaye a ƙofar gidansu a Yalwawa bayan la'asar, karatun ɗaliban mahaifinta na tashi daga zaure.

"Malam ya ce ba ya ba wa mai baki uku 'ya," ta ƙara. "Kuma Kamilu mai kemis ya sake turo iyayensa."

Ta shige gida.

Wata takwas ke nan da haɗuwarsu a motar Kafin Hausa. Tana dawowa daga jami'a. Ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Jarrabawar ba ta yi daɗi ba ko?" Ta ce ya aka yi ya sani. Ya nuna tawadar yatsanta da katin da ta cukuikuye a hannu. Ta yi dariya. Daga baya ta san laftanar ne a sashen tattara bayanan sirri na soja.

Washegarin maganarsu ta ƙofar gida saƙonta ya shigo: "Sojana, fushi nake yi, amma ban fasa ba. Kar ka turo kowa. Ka zo da kanka."

Ya amsa: "Zan zo, Fitilata. Da kaki."

Ya zo. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarmar Malam.

"Allah ya gafarta Malam, laifina ne. Zan faɗi abin da aka halatta mini faɗa."

"Ina jin ka."

"Mako mai zuwa zan zaɓi fanni. Uku ne a gabana. Akwai shiga cikin mutane, kasuwa da ƙauye, wani lokaci da wani suna. Akwai sauraron saƙonnin 'yan bindiga ta na'ura. Akwai karanta taswira da hotunan da jirgi marar matuƙi ke ɗaukowa."

"Kai wanne kake so?"

"Na farkon. Ogana ya ce don shi aka yi ni."

"Na ga alama," in ji Malam. "Tun ba a aike ka ba ka fara da limaminku."

Falalu ya sunkuyar da kai.

"Ban raina aikinka ba, yaro. Tsare rai ne, akwai lada. Wani zai yi na farkon ya gama lafiya. Amma kai ka riga ka shigo da shi gida. In harshenka ya saba, 'yata da wa za ta riƙa magana? In ba za ka iya faɗa ba, ka ce ba za ka iya faɗa ba. Wannan ba ƙarya ba ce."

Kwana huɗu bai kira ta ba. A na biyar ya cike takarda, ya zaɓi taswira da hotuna. Ogansa ya dube shi ya girgiza kai, ya sa hannu.

Daga nan ya wuce Kiyawa. Ya samu liman, ya samu mai shago.

"Soja ne ni. Abin da ya wuce haka ba zan iya faɗa ba. Ku yafe ni."

Mai shago ya kwashe da dariya. "Ni dama na ce, wane irin direba ne bai taɓa zagin kwandasta ba?"

Kawu Mika'ilu ya koma bincike. Wannan karon amsa ɗaya ya kawo.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Mutanen Kiyawa sun cika mota biyu. Malam ya riƙe hannun Falalu ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya sa albarka. Allah ya tsare ka, ya tsare waɗanda kake tsarewa. Allah ya ba ku zuri'a ta gari."

Aka shafa.

Bayan sati biyu, da rana, suna zaune a tsakar gidansu. Tana tsince shinkafa, yana goge takalminsa, gobe zai tafi kwas. Sai waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, shi da ba ya waƙa.

"Fitilata, ki sa mini yajin nan a jaka."

"Na sa tun safe."

Ta ajiye faifan a cinya, ta dube shi.

"Sojana, wancan fannin da ka bari, kana kewarsa?"