Gidan Tsutsa na Ƙarshe a Kan Tsamiya

An yi wata tsohuwa mai kaɗa zare daga gidajen da tsutsotsi ke saƙawa a kan tsamiya. Mutanen garin suka yi ta dafa gidajen da tsutsotsin a ciki, har ya rage saura ɗaya, a bishiyarta.

Maɗinki ya zo. "Iya, ki dafa shi, rigar ango na jira."

"Sai sun tashi."

Mai unguwa ya zo. "Iya, ango ya fita ba ado?"

"Ya fita! Sai sun tashi."

Aka daina gaishe ta. Ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar, da sanda a hannu.

Ranar da tsutsotsin suka yi fukafukai suka watsu kan tsamiyoyin gari, ta miƙa wa maɗinki gidan, ba kowa a ciki.

"Ga zarenka. Baɗi ma ka dawo, akwai."