Tabon Butar Ƙarfe

Ranar da Bahago ya fara ganin Auta, buta ce a hannunsa. Haka 'yan damben zamani ke kiran dunƙulallen ƙarfen nan mai mariƙi, wanda suke lilo da shi har sama da kai don ƙarfin ƙugu. Auta ta shigo wurin atisayen ne don kawo wa mahaifinta, kocinsu, maganin da ya manta a gida. Bahago ya saki baki yana kallo, ƙarfen ya juyo ya maka masa a wuyan hannu.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "Wannan zagayen dai buta ce ta ci."

Shi ke nan, zuciya ta tafi. Sai dai bawan Allah akwai kishin tsiya. Ko zakaran 'yan damben wurin ne ya gaishe ta, sai saƙon Bahago ya shigo: "Autata, me ya ce miki? Kina ina yanzu? Ke da wa?"

Da kawunsa ya zo neman aure, Koci ya kamo hannun Bahago ya juya shi. Ga tabo nan baƙi ƙirin.

"Kullum ina ce maka ka buɗe yatsu idan butar ta kai sama, ta kwanta da kanta. Kai kuwa sai damƙa, kamar za ta gudu. Haka kake yi wa 'yata, ina gani. Ranar da tabon nan ya baje ka dawo. Kafin nan ba kira, ba saƙo."

Tabo kuwa ba ya bajewa sai an daina sabunta shi. Bahago ya duƙufa, yana ɗagawa yana koyon sassautawa. Kewarta ta hana shi sakat. Ko ƙofa ce ta motsa sai ya waiga, ya sha wani dukan.

Wata rana ya hango zakaran ya riƙe mata jaka suna dariya a bakin titi. Ya ciro waya, ya rubuta, ya goge, ya mayar aljihu.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Bahagona, ka gan ni ka wuce? Ko ka daina sona ne? Wallahi ina kewarka."

Ya karanta har ya haddace, bai amsa ba, don ya yi alkawari. Ranar nan, ƙato kamar Bahago sai da ya yi kuka a ɗakin canza kaya. Ita ma a gida ta daina cin abincin kirki.

Sai da damina ta wuce Koci ya tsaya a bayansa yana kallo. Ƙarfen ya tashi, ya kwanta a hannun Bahago ba ko ƙara. Koci ya juya wuyan hannun, ya shafa.

"Ka ce wa kawunka ina gida."

Saƙon farko da Bahago ya tura gajere ne: "Hasken idona, ban daina ba ko na minti ɗaya."

Ranar da aka ɗaura aure, mota na jira a ƙofar gida, Koci ya kama hannun Auta yana sa mata albarka. Ya gama addu'a, ya sake wata, bai saki ba.

"Baba," ta ce cikin hawaye, "za ka yi mini tabo."

Tsohon ya dubi hannunsa, ya buɗe yatsu a hankali.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ku je."